Gobarar Batirin Zamani Da Haƙƙin 'Yan Kwana-Kwana A Kanmu

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin editocin wannan shafi ya gabatar a wajen taron 'yan asalin Bulkachuwa da sauran garuruwan ƙasar Katagum mazauna Ikko. Mun buga shi don amfanin 'yan'uwa da ke Badun, Shagamu, Anaca, Fatakwal da sauran biranen Kudu.



Ina godiya ga shugabannin wannan zama da suka ba ni dama in tsaya a gaban magabatana, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni shekaru da sanin duniya. Maganar da aka ɗora mini ta wani abu ce wanda da wuya a sami mutum ɗaya a cikin wannan zaure da ba ya ɗauke da shi a aljihu, watau batirin da ake kira litiyom. Shi ne a cikin wayar hannu, shi ne a cikin fawa-bank, da na'urar POS, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da wasu fitilu da fankoki masu caji na yanzu. Shi ne kuma babban akwatin nan da ake haɗawa da faifan sola da inbata don gida ko shago ya sami wuta dare da rana.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu fiye da kowa a fili yake. Duk wanda ya leƙa tashoshin da ake lodin motocin Arewa, musamman gabanin salla, zai ga irin kayan da muke aikawa gida. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, tada janareto ya zama sai wane da wane. Mutanenmu suka koma ga sola. Ɗan da ke neman abinci a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, in ya tara ɗan abin da ya tara, burinsa shi ne ya haɗa wa mahaifiyarsa wuta a Bulkachuwa, ko Madara, ko Chinade, ko cikin garin Azare, ta sami fanka lokacin bazara, ƙannensa su sami fitilar karatu. Wannan aikin zumunci ne, Allah ya ba da lada. Amma akwai abin da ba mu cika sakawa cikin kwalin ba, shi ne sanin cewa wutar wannan batir ba irin wutar da muka saba kashewa ba ce. Mu ne masu saye, mu ne masu aikawa, saboda haka mu ne ya wajaba mu aika da bayani tare da kaya.

Abin Da Ke Cikin Batirin

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fito da irin wannan batir kasuwa a shekarar 1991. A shekarar 2019 aka ba masana uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi, John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Abin da ya sa duniya ta rungume shi kuwa shi ne ba shi da nauyi amma yana ɗaukar caji mai yawa. In aka auna da batirin mota mai ruwan asid wanda muka daɗe da sani, kilo ɗaya na batirin litiyom kan riƙe wuta ninki uku ko fiye. Amfaninsa ke nan, kuma daga nan haɗarinsa ya taso, don an ɗure ƙarfi mai yawa a wuri ƙanƙane.

A cikin kowane ƙwayar batir akwai falle biyu da aka naɗe tare kamar tabarma, ɗaya na tabbatau ɗaya na korau. Tsakaninsu akwai wata 'yar leda wadda kaurinta bai kai na silin gashi ba, aikinta ta hana su taɓa juna. An kuma jiƙa su da wani ruwan sinadari mai kamawa da wuta. Muddin ledar nan tana nan lafiya, batir yana lafiya. In ta yage ko ta narke, fallayen biyu suka haɗu, sai dukkan cajin da ke ciki ya juye ya zama zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Zafin ya dafa sinadaran, sinadaran su ƙara fitar da wani zafin, haka abin zai yi ta ciyar da kansa har ƙwayar ta fashe. Daga nan zafin ya tsallaka ga ƙwayar da ke kusa, ita ma ta ɗauka. Babban batirin sola ko na babur ƙwayoyi ne masu yawa aka jera, saboda haka sai su riƙa tashi bi da bi, zafin kuwa yakan wuce digiri 600 a ma'aunin Salshiyas.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo wannan. Na farko rauni, watau batir ya faɗi, ko a danne shi da kaya mai nauyi, ko ƙusa ta huda shi. Na biyu cajin da ya wuce kima, wanda yakan faru in an yi amfani da cajar da ba tasa ba, ko in batirin ba shi da 'yar na'urar nan mai tsaro da ke yanke wuta in ya cika. Na uku zafi daga waje. Masu ƙera batir kan ce kada a yi masa caji a wurin da zafi ya wuce digiri 45. To, kowa a nan ya san bazarar ƙasar Katagum, inda a watan Afirilu da Mayu zafin inuwa ma kan haura digiri 40, balle cikin shago mai rufin kwano da tsakar rana, ko gaban gilashin mota. Na huɗu aibi daga masana'anta. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba, gama a shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya, ya daina ƙera ta ɗungurungum, saboda baturanta na kamawa da wuta. In haka ta sami kamfanin da ke da ɗakunan gwaji, ina ga batirin da aka harhaɗa a bayan shago da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga matattun kwamfutoci?

Inda Wutar Ta Bambanta

Mu mutanen karkara mun san gobara. Mun san ta zana da ta rumbu da ta ɗakin ciyawa lokacin hunturu, mun kuma san maganinta: guga da ƙasa da ɗanyen ganye da taron maƙwabta. Wutar itace in ka toshe mata iska sai ta mutu. Ta batirin litiyom ta saɓa wa wannan ta hanyoyi uku, kuma ina roƙon a riƙe su.

Ta farko, zafin daga cikin ƙwayar yake tasowa, wasu daga cikin sinadaran ma kan saki iskar da wuta ke ci da ita sa'ad da suka dahu. Don haka in ka rufe shi da bargo ko ka zuba masa ƙasa, harshen wutar yana iya ɓacewa amma cikin yana nan yana tafasa. Tukunyar kashe wuta mai hoda ita ma tana kashe harshen ne kawai, ba ta sanyaya ƙwayoyin. Abin da ke tsayar da shi shi ne sanyayawa da ruwa mai yawa na tsawon lokaci. Kamfanin Tesla, a cikin jagorar da ya rubuta wa masu kashe gobara, ya ce batirin motarsa guda ɗaya yana iya cin ruwa kimanin lita 11,000 kafin ya mutu ya huce.

Ta biyu, hayaƙinsa. Sau da yawa kafin a ga wuta, batir kan fara fesar da wani farin tururi mai kama da na tafasasshen ruwa, wani sa'in ya kwanta ƙasa-ƙasa kamar hazo. Wannan tururi guba ne, kuma makamashi ne. A cikinsa akwai iskar haidirojin mai fashewa, da iskar nan mai kashe mutanen da suka kwana da janareto a ɗaki, da kuma wata iska mai asid wadda ke ƙona huhu da ido, tana kuma ratsa fata. In ya taru a rufaffen ɗaki, ɗakin ya zama tamkar tukunyar gas da ke yoyo. Ƙyastu ɗaya, ko iskar da za ta shiga in an buɗe ƙofa, ya isa ya tashi ginin.

Ta uku, yana sake tashi. Batirin da aka kashe da rana yana iya kamawa da dare, ko bayan kwana ɗaya ko biyu, domin akwai ƙwayoyin da suka ji rauni amma ba su gama ƙonewa ba, caji yana nan a cikinsu.

Abin Da Ya Sami Wasu

Hausawa na cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Bari in kawo misalai huɗu, biyu na masu kashe gobara, biyu na jama'ar gari.

Ranar 19 ga Afirilu 2019, a garin Surprise da ke jihar Arizona ta Amurka, aka kira 'yan kwana-kwana zuwa wata ma'ajiyar batura ta kamfanin lantarki. Da suka isa ba su ga harshen wuta ba, sai farin hayaƙi da ke fitowa yana bin ƙasa. Na'urar kashe wuta da ke cikin ɗakin ta riga ta fesa maganinta, amma ƙwayoyin ba su daina dahuwa ba. Ma'aikatan suka daɗe suna aune-aune daga waje, da suka ga kamar abin ya lafa sai suka buɗe ƙofa. Jim kaɗan ɗakin ya fashe. Huɗu daga cikinsu suka ji munanan raunuka, ɗaya ma ƙarfin fashewar ya yi jifa da shi fiye da mita 20. Waɗannan ƙwararru ne masu cikakkun kayan aiki.

Ranar 16 ga Afirilu 2021, a birnin Beijin na ƙasar Sin, wuta ta tashi a wata tashar ajiyar lantarki mai gine-gine biyu. Ana fama da wutar a gini na kudu, ashe iskar da baturan ke fitarwa ta bi ramin wayoyi na ƙarƙashin ƙasa ta taru a gini na arewa. Ginin ya fashe, 'yan kwana-kwana biyu suka rasu, ma'aikacin tashar ɗaya shi ma ya rasa ransa. Abin lura a nan shi ne baturan wannan tasha irin waɗanda ake kira LiFePO4 ne, irin dai waɗanda ake rubutawa a jikin yawancin baturan sola da muke saye. Gaskiya ne irin wannan ya fi sauran juriya ga zafi, kuma shi ya fi dacewa da gida. Amma duk mai sayarwar da ya ce maka ba ya taɓa kamawa, ya faɗi abin da ba haka ba.

Misali na uku daga birnin New York ne. A can dubban baƙi 'yan ci-rani, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma, suna neman abinci da kai saƙon abinci gida-gida a kan kekuna masu batir. Suna zaune a matsattsun ɗakuna, suna sayen batura masu araha, suna yi musu caji da dare a bakin ƙofa. A shekarar 2023 hukumar kashe gobara ta birnin ta ƙidaya gobara 268 da batura suka jawo, mutum 18 suka rasu. Birnin ya kafa dokar hana sayar da batirin da ba shi da shaidar gwaji, aka kuma dage da wayar da kan jama'a, a shekarar 2024 waɗanda suka rasu suka ragu zuwa 6. Ku dubi zaman waɗannan bayin Allah, ku dubi namu, samari shida ko takwas a ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya, tagar kuma da ƙarfen tsaro. Ga shi kuma babura masu batir sun fara bayyana a titunan manyan biranenmu.

Na huɗu a gabanmu ya faru. Ranar 16 ga Satumba 2025 gobara ta tashi a benen Afriland da ke titin Broad a tsibirin Ikko. Hukumar kashe gobara ta jihar ta bayyana cewa wutar ta faro ne daga ɗakin inbata da ke ƙarƙashin ginin. Hayaƙi ya bi ya cika benaye na sama, har mutane suka riƙa dirowa ta tagogi, mutum 10 suka riga mu gidan gaskiya. Darasin ya shafi kowane irin batir: wurin da aka ajiye shi, da hanyar da hayaƙinsa zai bi, su ne kan yanke hukunci a kan mutanen da ke cikin gini.

Ranar Da Abin Ya Faru

A garuruwa irin namu, wanda ke fara isa wurin gobara maƙwabci ne, kafin motar kwana-kwana ta taso ta iso. Wannan hali na kai ɗauki abin alfahari ne, sai dai a gobarar batir yana bukatar ilimi. Ga abin da ya kamata kowa ya gaya wa mutanen gidansa.

Batir kan yi gargaɗi kafin ya tashi. Yakan kumbura, bayan waya ya ɗago ko fawa-bank ya yi ciki. Yakan yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba. Yakan yi wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge fenti, ko a ji yana huci ko ƙara tas-tas. Wanda ya kumbura kawai, a daina yi masa caji nan take, a fitar da shi tsakar gida a ajiye a kan ƙasa, cikin inuwa, nesa da zana da kara da man fetur. Kada a huda shi wai don iska ta fita, kada a danne shi wai don ya koma daidai.

In ƙaramin abu ne kamar waya ko fitila ya fara hayaƙi, a kashe soket daga nesa in da hali, a kwashe shi da shebur mai dogon ƙota zuwa fili, a tsaya ta inda iska ke tasowa a yi ta kwara masa ruwa har ya huce, sa'an nan a bar shi a waje. In kuwa babban batirin sola ne ko na babur, to ba aikin guga ba ne. A fitar da kowa, a fara da yara da tsofaffi da marasa lafiya, wanda ya fito ƙarshe ya ja ƙofa, kada kowa ya koma ya buɗe. Kada a tsaya saitin ƙofa ko taga. A kira lamba 112, a nan Ikko kuma akwai 767. Masu guga su mai da ƙarfinsu ga jiƙa zana da rumbu da ɗakunan da ke maƙwabtaka don kada wutar ta tsallaka. A tuna kuma faifan sola da ke kan rufi yana ci gaba da samar da lantarki muddin akwai rana, ko da an kashe inbata, saboda haka kada a hau rufi a taɓa wayoyinsa, kada a watsa musu ruwa da bokiti daga kusa. Wanda ya shaƙi hayaƙin, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, gama illar irin wannan hayaƙi takan bayyana bayan sa'o'i.

Haƙƙin 'Yan Kwana-Kwana

Yanzu na zo ga mutanen da muke kira in abin ya fi ƙarfinmu. Ɗan kwana-kwana ɗan wani ne, mijin wata ne, uban wasu ne. Sa'ad da kowa ke gudu daga wuta, shi kuwa ita yake fuskanta. Yana da haƙƙi a kanmu, kuma na farko shi ne a gaya masa gaskiya. Tun a waya a ce akwai batirin litiyom a ɗakin, guda kaza, a kusurwa kaza, akwai sola a kan rufi, akwai tukunyar gas ko jarkar fetur. Da wannan bayani ne shugaban ayari zai san ko a shiga ko a tsaya daga waje. Mai shagon da ya ɓoye wannan don tsoron tuhuma, ya tura ɗan'uwansa ga halaka da saninsa.

Na biyu, a bar su su yi aiki da iliminsu. Mun sha ganin yadda taro kan yi wa ma'aikata ihu, wani lokaci har da jifa, a ce sun makara, ko sun tsaya kallo ba su shiga ba. A gobarar batir, tsayawa daga nesa da sanyaya gini daga waje sau da yawa shi ne daidai, abin da ya faru a Arizona shi ne hujja. Kada wani ya matsa wa ma'aikaci ya fasa ƙofa don a ceto buhunan kaya. In babu rai a ciki, babu dukiyar da ta kai a saka rai a kanta. A buɗe musu hanya, a janye yara da masu ɗaukar hoto, a nuna musu rijiyar burtsatse ko tankin ruwa mafi kusa, domin ruwan da mota ke ɗauka ba ya daɗewa a irin wannan wuta.

Na uku ya rataya ne a wuyan hukuma, amma mu ne za mu tunatar. Rigar kashe gobara da hular kwano ba sa tare guba. Ma'aikacin da zai kusanci hayaƙin batir yana bukatar tukunyar iskar numfashi da abin rufe fuska, yana bukatar na'urar da ke nuna zafi daga nesa don ya san ko ƙwayoyin sun huce, yana bukatar wurin wanke jiki da kayan aiki bayan an gama, don kada ya kai ragowar gubar gida ga iyalinsa. Yana kuma bukatar horo a kan wannan sabuwar wuta. Ina ba wannan taro shawara ya rubuta wa Gwamnatin Jihar Bauchi da Ƙaramar Hukumar Katagum da wakilanmu a majalisa, a nemi waɗannan kaya ga ma'aikatan da ke kula da yankinmu, a nemi wurin ɗiban ruwa a manyan kasuwanni da tashoshi, a kuma nemi a riƙa rubuta wuraren da aka girka manyan batura, kamar asibitoci, makarantu, masallatai da turakun sadarwa, domin ma'aikata su sani tun kafin ranar. Mu da muke iya tara kuɗi mu gina aji ko mu haƙa rijiya, ba za mu kasa sayen tukunyar numfashi biyu ko uku mu ba da gudummawa ba.

Abin Da Ke Wuyan Mai Saye

Rigakafi ya fi magani, rigakafin kuwa daga hannunmu yake farawa, a ranar ciniki. A kasuwannin Alaba da Ikeja akwai kaya na ƙwarai, akwai na banza, kamar kowace babbar kasuwa. A sayi batir mai suna da lamba da takardar garanti, daga dillalin da za a iya komawa wurinsa. A tambaya ko yana da na'urar tsaro a ciki, a kuma tabbata inbata da caja sun dace da shi. In farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, a tuna araha ba ta ado. Kayan da aka ga jabu ne a kai ƙara ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON.

Sai batun hanya. Daga Ikko zuwa Azare tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, da ramuka da rana. Tun shekarar 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana a yi lodin irin waɗannan batura a matsayin kaya a cikin jiragen fasinja, mu kuwa sai mu jefa su ƙarƙashin buhuna, kusa da jarkar mai, mutane kuma a zaune a sama. A bar batir cikin kwalinsa na asali, a rufe bakin wayoyinsa, a gaya wa direba da ɗan kamasho abin da ke ciki, kada a ɗora masa nauyi. Wanda ya faɗo ya lotsa, kada a girka shi.

In ya isa gida, a nemo wanda ya iya aikin, ko da za a ɗauko shi daga Azare ko Bauchi. Kada a girka batir a ɗakin kwana, ko ƙarƙashin gado, ko a zaure da soro inda hanyar fita take. Mafi kyau a yi masa 'yar rumfarsa ta bulo a gefe, mai iska, wadda rana ba ta duka, ruwan sama ba ya shiga, nesa da murhu da rumbu. A sa makunnin da za a iya kashewa daga waje, a nuna wa matan gida, domin su ne ke gida yini. Masu shagon cajin waya, a gida ko a nan, su daina tara wayoyi hamsin a cikin akwatin katako a rufe su kwana, su kuma ƙi karɓar duk wadda ta kumbura. Matasa su daina kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashin kai.

Ina da magana ta musamman ga 'yan'uwanmu masu sana'ar jari-bola, waɗanda suke da yawa a cikinmu. Kada a fasa batirin litiyom da guduma don neman jan ƙarfe, kada a jefa shi cikin wutar ƙona waya, kada a tara shi cikin buhu ɗaya da ƙarafa. A ware shi daban, a naɗe bakinsa da salatif, a ajiye a waje. Wanda ya taɓa ƙonewa kuwa, kada a saye shi, kada a shigo da shi inda ake kwana.

Shugaban taro, iyayena, ban zo don in ce a daina sayen sola ba. Hasken da ya shiga gidajenmu alheri ne, kuma batirin ƙwarai da aka girka yadda ya kamata yakan yi shekaru yana aiki lafiya. Roƙona shi ne kowa a cikinmu da ya taɓa aikawa da batir gida, ya buga waya a daren nan ya tambaya a wane ɗaki aka ajiye shi, wa ke kwana kusa da shi, ko mutanen gida sun san abin da za su yi in suka ga farin hayaƙi. Waɗanda za su tafi gida kuma su ɗauki wannan bayani su kai wa masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa, a faɗa wa jama'a kafin hunturu ya kama.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu daga gobara, ya tsare ma'aikatan da ke tsaron rayukanmu, ya ba mu abin da muka fito nema, ya mai da mu gida lafiya.